“Ka Fara Kawai, Takarda Na Zuwa”

'Ya'yana, ku da kuka kama aikin ofis kwanan nan, da ku da kuka yi wa ɗan kamfaninku rajista kuna farautar kwangilar farko, akwai wata magana da ba za ku daɗe ba ku ji ta ba. Wani babba ne zai faɗe ta, galibi ta waya, galibi kuma da la'asar ana shirin tashi: “Ka ce masa ya fara kawai, takarda na zuwa.” Sau da yawa mai faɗin ta ba mugu ba ne. Taro ne ya ƙarato ba a buga takardu ba, ko janareta ya tsaya, ko damina ta kawo kai rufin aji yana yoyo. Shekarun da na yi ina duba fayilolin biyan kuɗi sun nuna mini cewa rigingimun da suka fi zubar da mutuncin mutanen kirki ba daga manyan ɓarayi suke tasowa ba, daga wannan 'yar maganar suke tasowa.

Kuɗin ma'aikata ba na mai kujera ba ne. Ko na gwamnati ne, ko na kamfani, ko na ƙungiyar agaji, ko na kwamitin masallacin unguwa, masu shi daban suke, mai kashewa wakili ne, wakilci kuwa yana da iyaka. Shi ya sa ma'aikata mai tsari takan rubuta wa kowane jami'i adadin da zai iya amincewa da shi: shugaban sashe zuwa kaza, darakta zuwa kaza, abin da ya haura sai kwamitin ba da kwangila ya zauna a kai. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ƙulla ciniki da dukiyar wani ba da izininsa ba, cinikin a rataye yake har sai mai dukiya ya yarda, in ya ƙi kuma ya warware. To, ɗan kwangilar da ya ɗauko lebura bisa umarnin wanda ba shi da hurumin ba da umarnin, a kan ciniki ratayayye yake zuba guminsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Za a ce muku ai sa hannu sa hannu ne, ko kafin aiki ko bayansa. Kada ku yarda. Kafin a fara, mai amincewa yana da zaɓi na gaske a hannunsa. Yana iya tambayar dalilin sayen kujeru 200 alhali akwai 80 a sito waɗanda kafinta kawai suke jira. Yana iya cewa a nemo farashi daga wurin mutum uku a kwatanta. Yana iya cewa a dakata zuwa wata mai kamawa, ko ma a bar maganar ɗungurum. Amma ranar da tifa ta sauke yashi, aka haƙa harsashi, aka zuba kankare, duk waɗannan tambayoyi sun mutu. Fayil ɗin da zai iso teburinsa sanarwa ce aka sa mata rigar neman izini. In ya sa hannu, ya karɓi farashin da ba a taya a gabansa ba. In ya ƙi, ya bar ma'aikata da rabin gini da mai bin bashi a bakin ƙofa. Wanda ya riga ya cinye tuwo ba shi da bakin taya kuɗinsa. Ɗan kasuwa ma ya san da haka. Ya kuma san aikin baka yakan jawo jiran biya, don haka tun farko zai ɗora wani abu a kan farashinsa na ladan jira. Ke nan ma'aikata ta sayi tsada sau biyu: babu wanda ya yi takara da shi, ga kuma kuɗin haɗarin da ita da kanta ta ƙirƙira.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani sai shekara ta zo ƙarshe. A sashen kuɗi ana ajiye littafi, yanzu galibi a kwamfuta, inda ake shigar da duk alƙawarin kashe kuɗi tun kafin a biya. Da zarar an fitar da takardar oda, wadda 'yan ofis ke kira LPO, akanta zai cire adadinta daga abin da ya rage a kason wannan aiki, ta yadda kowa zai san kuɗin nan yana da mai shi. Aikin da aka fara da baki ba ya shiga littafin. Akanta zai duba ya ga saura naira miliyan 3 a kason gyare-gyare, ya bar wata oda ta wuce da zuciya ɗaya, bai san mai fenti ya riga ya ci miliyan 2 daga ciki a bangon da ke bayan ofishinsa ba. Mutum biyu ke nan suna jiran kuɗi ɗaya. In Disamba ta zo sai ka ga fayiloli suna fitowa daga durowoyi kamar an tone su, kowanne da mai shi tsaye a baranda. Abin da ba a iya biya ba ya tsallaka sabuwar shekara, kuɗin da aka ware don magani ko littattafai ya tafi biyan fentin bara. Shugaban da bai san yawan bashin da ke kansa ba, duk lissafin da zai kai wa na sama da shi ƙarya ce, ko da shi mai gaskiya ne.

'Yata, ke da aka ajiye a sashen saye-saye ko na mulki, bari in yi magana da ke kai tsaye, don ke ce wadda abin ya fi faɗo wa. Oga ya faɗa miki da baki. Ke kuma, don ki nuna himma, kin tura wa mai kaya saƙo a waya cewa ya kawo gobe da safe. A duk faɗin wannan ciniki, rubutu ɗaya ne tak ya wanzu, kuma da lambarki ya fita. Masu binciken kuɗi in sun zo ba sa tambayar niyya, kwanan wata suke bi. Za su jera takardar neman saye, da amincewa, da oda, da takardar da mai sito ya cika ta karɓar kaya, da takardar neman biya, su ga ko sun bi juna yadda ya kamata, ko adadi da farashi sun dace. In kaya sun shiga sito ranar 4 ga wata, oda kuma ta fita ranar 19, tuhuma ta tashi, kuma sunan da ke jikin fayil za a nema. A lokacin wataƙila an yi wa oga canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko yana nan amma ya ce bai tuna ya ce haka ba. Kada ki yi saurin cewa ƙarya yake yi. Mutumin da ke ba da umarni iri-iri daga safe zuwa yamma yana iya mantawa da gaske, ko ya tuna maganar da wata siffa daban: shi “a duba yiwuwar” ya ce, ke “a kawo” kika ji. A ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin masu ba da tallafi abin ya fi tsanani, domin kuɗin da aka kashe ba tare da amincewar farko ba ana iya ƙin karɓarsa baki ɗaya, a ce ƙungiya ta mayar. Daga nan sai a fara neman wanda za a ɗora wa, kuma ba kasafai ake farawa daga sama ba.

Kai kuma ɗana mai neman kwangila, na san abin da ke zuciyarka. Ka daɗe kana yawo da fayil ɗin kamfani daga ofis zuwa ofis, yau ga wani ya ce ka fara. Kana tsoron in ka nemi takarda a ce kana da tsirfa, a kira wani. Tsoronka yana da tushe, amma ka yi lissafi kafin ka sayar da filin mahaifiyarka ko ka karɓo siminti bashi a kasuwa. Ba tare da takardar ba da aiki ba, babu kafin alƙalami, domin akanta ba shi da abin da zai jingina biyan a kai. Bankin da zai iya ba ka jari kan oda, odar zai fara nema ya gani. Ke nan da kuɗinka ko da bashin 'yan'uwa za ka yi aikin, sannan ka zauna jira. Jira kuwa yana cin kuɗi. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya yi aiki a farkon shekara irin wannan aka biya shi a ƙarshenta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darajar kuɗinsa ya zube a hanya, ribar da ya yi wa lissafi ta tafi har ta taɓa uwar kuɗi. A 2025 'yan kwangila na cikin gida sun yi ta zanga-zanga a Abuja kan ayyukan da suka kammala ba a biya su ba. Waɗannan masu takarda a hannu ke nan. In mai takarda ya kwana a ƙofar ma'aikata, marar takarda ina zai kwana?

Sannan takarda ba farashi kaɗai take ɗaurewa ba. Ita ce ke faɗin wane irin kaya, nawa, wane ƙarfi, zuwa yaushe, kuma ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 yana cikin farashin ko yana waje, da abin da za a cire na haraji kafin kuɗi su shigo asusunka. Na ga ƙaramin ɗan kasuwa ya kawo kwamfutoci daidai da abin da aka faɗa masa a waya, aka ce ba irinsu ake nufi ba, ya rasa inda zai kai su don ya riga ya ɓare kwalayensu. Na ga wanda aka yi ta ce masa “ƙara wannan, ƙara wancan” yana tsakiyar gini, da ranar biya ta zo aka tsaya a kan farashin farko. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, mutanen da suka fi mu riƙon amana nesa ba kusa ba. Don haka neman rubutu ba zargi ba ne, kada wani ya sa ka ji kunyarsa.

Ƙasar nan ta sha wuya kafin ta mai da wannan doka. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta kafa wani sashe a fadar shugaban ƙasa don tantance kwangiloli da farashinsu, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. A watan Yunin 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan dokar saye-sayen gwamnati, wadda ta haifar da hukumar BPP. Dokar ta ce ba a ƙulla sayen komai sai an tanade shi a kasafi kuma an tabbatar kuɗinsa na nan. Ta ce kwangilar da ta haura wani adadi, in aka ba da ita ba tare da shaidar amincewar hukumar ba, ɓatacciya ce. Ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri, ta ce a bi abin da takardar kwangila ta tanada a kai. Wanda ba shi da takardar, daga wace rana zai fara ƙirga sittin ɗin? Jami'in da aka kama da laifi a ƙarƙashinta yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, ga kora daga aiki. Kamfani kuma a hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na darajar aikin. Dokar ta tarayya ce, jihohi da dama sun yi nasu, kamfanoni da ƙungiyoyi kuma kowa da kundinsa. Kowa ya san ba kullum ake bin ta ba. Amma ku lura da wanda take yi wa amfani in an bi. Inda ake ba da aiki da baki, na kusa da kunnen oga ne kaɗai ke ji. Inda dole a tallata, a karɓi farashi, a buɗe a gaban shaidu, nan ne yaron da ba ɗan kowa ba yake da rabo. Duk lokacin da ka taya wani tsallake layi, layin da kai ma za ka dogara da shi gobe kake rushewa.

Akwai wata dabara da za a koya muku da sunan wayo, ita ce tsinka aiki. Misali ikon darakta ya tsaya a miliyan 5, aikin kuma na miliyan 12 ne, sai a raba shi gida uku, kowanne miliyan 4, don kada ya je gaban kwamiti. Oda uku, kamfani ɗaya, mako ɗaya, kaya iri ɗaya. Ɗan koyo a ofishin odita ma ranar farko yake gano wannan, kuma dokar 2007 ta ambace shi a cikin laifuffuka. Ku nisance shi.

In kuna ganin duk wannan maganar kujeru ce da fenti, ku dubi Mozambik. A 2013 da 2014 wasu kamfanoni uku na gwamnatin ƙasar suka ciwo bashin kusan dala biliyan 2 ta hannun bankin Credit Suisse da bankin VTB na Rasha, don sayen jiragen kamun kifi da na sintirin gaɓar teku da gina wuraren gyaran jirage. Ministan kuɗi na lokacin, Manuel Chang, ya sa hannu cewa ƙasa ta tsaya wa bashin, ba tare da an kai maganar gaban majalisa ba kamar yadda doka ta tanada. Kuɗi suka fita, aka ƙera jirage, na kamun kifin suka zauna a tashar Maputo suna tsatsa. Da asiri ya tonu a 2016, asusun IMF da ƙasashe masu ba da tallafi suka janye hannu, darajar kuɗin ƙasar ta faɗi warwas, talakan da bai san an ci bashi da sunansa ba ya gani a kasuwa. Daga baya kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce lamunin haramtacce ne, shi kuma Chang wata kotu a Amurka ta same shi da laifi a 2024. Da an kai takardar majalisa, da wani ya tambayi kifi nawa za a kama a biya biliyan 2. Gudun wannan tambayar ne ya sa ba a kai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta bambanta tsakanin ofishin ƙaramar hukuma da fadar ƙasa, sai dai girman abin da zai shige.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya a rabinsa. Fayil yakan kwana mako uku a teburin wanda ya tafi taro. Wani wurin sai mutum bakwai sun sa hannu kafin a sayi kwan fitila. Akwai ma masu danne fayil da gangan don a zo a gaishe su. Wannan cuta ce, kuma ita ce ke koya wa mutanen kirki bin bayan gida. Amma maganinta a gyara hanyar ne: a ba ƙananan jami'ai ikon amincewa da ƙananan kuɗi, a ajiye 'yan kuɗin kashewa na yau da kullum a hannun mutum ɗaya mai kawo rasit, a naɗa mai riƙon ƙwarya duk lokacin da mai sa hannu ya yi tafiya, a ƙulla yarjejeniyar shekara da masu kawo abin da ake saye kullum irin su man dizal da takarda. Ku da kuka iya kwamfuta kun fi mu damar kawo wannan gyara, don amincewar da take cin mako a kan takarda tana iya fita cikin awa guda ta imel. Ku kai shawarar a rubuce, za a fi jin ku fiye da yadda kuke zato.

Gaggawa ta gaskiya kuma tana da ƙofarta. In ambaliya ta cinye gada, ko annoba ta ɓarke, ko injin da ke ba ɗakin tiyata wuta ya mutu, dokar ma ta yarda a saya kai tsaye, da sharaɗin a rubuta dalili kuma a kai rahoto daga baya. Sai dai ku tambayi kanku da gaskiya, cikin abubuwan da ake kira gaggawa a ofishinku nawa ne ba a san da zuwansu ba? Ranar taron shekara sananniya ce tun watanni. Damina ba ta zuwa a ɓoye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mafi yawan “a fara kawai” sakacin wani ne na wata biyu ake so ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka a kansa cikin dare ɗaya.

Saura yadda za ku yi da babba in ya ba da umarnin, don ban ce ku yi masa tsaye a ka ba. Ladabi ba ya hana tsare kai. 'Yata, ki ce, “Ranka ya daɗe, yanzu zan shirya takardar in kawo ka sa hannu, sai in kira mai kaya.” Ki shirya ta a take, ki kai da ƙafarki, ki tsaya. Sau da yawa duk abin bai wuce minti ashirin ba, kuma shugaban kirki zai riƙe ki a zuciya a matsayin wadda ke rufa masa asiri. In ba ya ofis, ki tura masa saƙo mai ɗauke da sunan aikin da adadin kuɗin da sunan mai kaya, ki roƙi ya amsa da amincewarsa, ki buga amsar ki sa a fayil. In adadin ya fi ƙarfin ikonsa, ki tuna masa a hankali, wataƙila bai lura ba. Kai ma ɗan kwangila haka: “Yallaɓai, a shirye nake, motata na lodi. A taimaka mini da 'yar takarda ko ta layi biyu ce, don masu ba ni kaya bashi sai sun gani.” Wanda yake da niyyar biya ba ya jin zafin wannan roƙo. Wanda ya fusata saboda an nemi ya rubuta abin da ya faɗa da bakinsa, ya ba ka labarin yadda ranar biya za ta kasance, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuwa kun tarar an riga an fara, ko an gadar muku da irin wannan fayil daga wanda kuka canja, za a zo muku da shawarar a mai da kwanan wata baya don takardu su jeru. Kada hannunku ya taɓa wannan. Fara aiki ba izini saɓa ƙa'ida ne, ana iya jan kunne a kai a wuce. Sauya kwanan wata ƙirƙirar takardar bogi ce, kuma saƙonnin waya da rajistar mai gadi da littafin sito duk suna nan za su ƙaryata ta. Abin yi shi ne a dakatar da aikin inda ya tsaya in dakatarwar ba za ta jawo wata ɓarna ba, a auna abin da aka riga aka yi a gaban mai kaya da wani jami'i na daban, a rubuta wa mai hurumin amincewa bayani da kwanan watan gaskiya: wa ya ba da umarni, yaushe, saboda me, nawa aka kashe, nawa ya rage. Shi zai yanke ko a amince da abin da ya wuce a ci gaba, ko a biya iya abin da aka yi a tallata sauran. Ku ajiye kwafin bayanin a wurinku, ku kuma ba ɗan kwangilar nasa, don shi ma ya san matsayin kuɗinsa.